Tsutsotsin Hawa na Huɗu

A yi mini afuwa da na yi karambanin ɗaukar alƙalami, musamman wanda zai karanta wannan da abinci a gabansa. Labarin tsutsa ne, ban kuwa san yadda ake yi masa kwalliya ba.

Da Maman 'Yan Biyu ta durƙusa ta janye murfin robar da ke ƙarƙashin sinkinta, abin da Malamar Gona ta fara gani takarda ce. Takardun ofis ne da inji ya yayyanka siri-siri, a jiƙe, har ana iya karanta guntayen lambobi a jikinsu. Matar ta sa yatsu biyu ta ɗaga su a hankali, kamar mai leƙa jariri a cikin zani, sai ga ƙasa baƙa wuluk, ga kuma motsi. Jajayen tsutsotsi ne, irin na ƙasa da ake kira tana, ɗaruruwa, sun cure wuri ɗaya a jikin ɓawon ayaba. Haske na taɓa su suka nutse. Kafin a ƙifta ido babu ko ɗaya.

"Ga 'yan hayana," in ji Maman 'Yan Biyu. "Shekararsu huɗu a gidan nan. Ba mai ƙorafi a cikinsu, ba mai kunna rediyo."

Malama ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin ɗin ta harɗe hannuwa, tana kallon robobi uku da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, an huhhuda su da ƙusa mai zafi. A ranta ta ce, wai wannan shi ne taki. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ma'aikatar gona tana koya wa manoma haɗa taki, maza masu furfura suna tsugunne a gabanta suna cewa "to, Malama". Tarin da ta saba ginawa yakan kai mata kafaɗa, in aka soka masa sanda aka zaro sai ta fito da tururi. Yau ga mai sharar ofis, wadda ko firamare ba ta gama ba, tana nuna mata robar wanki.

"Kwana goma sha biyu zan yi, in Allah ya yarda. Za a yi wa ɗaya daga cikin yaran aiki a asibiti, ba mai zama da ita." Matar ta miƙe tana goge hannu a zaninta. "Ba wata wahala, Malama. Ga ɓawo nan na ƙulla leda biyu na sa a firji. Ran Laraba ki tona wannan kusurwar ki zuba ɗaya, ki rufe da takarda. Wata Larabar ki zuba ɗayar a waccan. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ban da albasa, ban da lemo, ban da gishiri. In kin ga takardar ta bushe ki ɗan yayyafa ruwa. Sauran ki bar su, sun san aikinsu."

"Ba kya juyawa?"

"A'a, ba sa so."

"Ba sa so." Malama ta maimaita maganar kamar mai ɗanɗana abin da ya lalace. "Su suka faɗa miki?"

Matar ta yi dariya, irin ta wanda bai da lokacin gane an yi masa baƙar magana. Ta ce ai shi ya sa ta zo wurinta, duk benen nan wa ya kai ta sanin ƙasa? Matar Direba ta hawa na uku in ta gani ihu za ta kurma. Mai Makullai kuwa, wato mai kula da gidan, in labari ya kai masa sai ya kira taro. Ta damƙa wa Malama makulli, ta yi godiya sau uku, ta ɗauki jaka.

Ƙofa biyu ce tsakaninsu a hawa na huɗu. Shekara biyu ke nan da ɗan Malama ya ɗauko ta daga gidanta mai fili da bishiyar gwaiba, ya ce gwiwoyinta sun gaji, ya kawo ta inda sai ta taka matakala sittin da huɗu kafin ta ga gadonta. Benen ba baranda, ba tsakar gida, ko tafin hannu na ƙasa babu; daga ƙofar shiga sai kwalta. Surukarta ma'aikaciyar banki ce mai dogayen farata, ta cika falo da furannin roba tana goge su da tsumma ran Lahadi. Kicin kuwa ta hana ta shiga da ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo: "Mama ki huta, ai kin yi naki." Abu ɗaya ne ya biyo Malama daga waccan rayuwar bai fashe a hanya ba, shi ne sunan. In tana hawa tana haki wani ya ce "sannu Malamar Gona", sai ta haɗiye hakin ta miƙe bayanta. Ba wanda ya taɓa tambayar ta komai game da gona. Amma sun san in da za a tambaya ita za a tambaya, wannan kuwa shi take ci, shi take sha.

Ba ta jira Laraba ba. Washegari da hantsi, da gidan ya yi tsit kowa ya tafi aiki, ta buɗe ƙofar maƙwabciyar. Ɗaki ɗaya ne da falo, tsaf-tsaf, abin da ya ɗan ba ta haushi. Ta so ta ji wari. Ta shaƙa, ta ƙara shaƙa, ba ta ji komai ba sai wani ƙamshi-ƙamshi kamar na ƙasar da aka yi wa yayyafi. A bakin tagar kicin gwangwanayen madara ne a jere, barkono da na'a-na'a da tumatir ɗaya da aka ɗaure da zaren buhu, ganyensu kore shar har da sheƙi. Ta murza ganye ɗaya tsakanin yatsunta. Sa'a ce kawai, in ji ta. Tagar gabas take kallo, ko sanda ka kafa a nan sai ta yi toho.

Sannan ta naɗe hannun riga ta tura hannunta cikin robar.

Sanyi ƙalau.

Ta zaro hannun ta ja dogon tsaki. Abin da take fara koya wa kowane manomi ke nan tun kafin ta tambayi sunansa: takin da bai yi zafi ba bai fara aiki ba. Shekara huɗu baiwar Allah nan tana lallaɓa abu mai sanyi kamar gawa, tana auna masa abinci kamar majinyaci, tana kiran sa taki. Abin da za a gama a kwana ashirin da ɗaya! Ba laifinta ba ne, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin teburan mutane da tsumma ina zai sani? Kwana goma sha biyu sun isa a nuna mata bambancin wanda ya karanta da wanda ya tsinta a bakin wani.

Da la'asar ta sauka wurin mai kayan lambu na bakin titi, ta ce ya tara mata abin da zai zubar. Ya cika mata manyan ledoji biyu da ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir da saiwar alayyaho, yana tambayar ta ko akuya ta saya. Ta ɗauki ledojin ta juya. Sau uku ta huta a matakala. A ƙasan akwatinta, ƙarƙashin takardun shaidarta, akwai wani gwangwanin farin takin zamani mai kama da sukari, ragowar wanda take nuna wa manoma. Ta ɗauko shi, ta haɗa da tsohon bargon da ke kan gadon baƙi.

"Mama, ina za ki da bargo da zafin nan?" surukar ta tambaya daga kan kujera, idonta a kan waya.

"Aiki zan yi."

"Wai na tsutsar nan? Ni dai don Allah kada ki shigo mana da ko ɗaya. Jiya da kika ba da labarin ko shayi kasa sha na yi."

"Ke da ba ki san inda tumatir yake fitowa ba sai a leda."

"Ai ledar ta ishe ni, Mama."

Ta yi aikin yadda ake yin sa. Ta juye abin da ke cikin robobin duka a mafi girman, ta shimfiɗa ɗanyen ganye, ta bi da busasshen kwali, ta barbaɗa farin takin, ta yayyafa ruwa, ta sake ɗanye, ta sake busasshe, har abin ya yi tozo, murfin bai zauna ba sai da ta danna shi da ƙirji. Tsutsotsin suna ta murɗawa a yatsunta, ba ta kula su ba. Ta san halinsu tun a gona: in tari ya ɗauki zafi sukan nutse cikin ƙasa su jira, in ya huce su hauro su ƙarasa aikin. Sau dubu ta ga haka da idonta. Ta naɗe robar da bargo, ta samo wani ƙarfen labule a bayan ƙofa ta soka shi ta gefen murfin har ƙasa, sannan ta wanke hannu tana 'yar waƙa a maƙogwaro, abin da rabonta da shi tun kafin ta hau benen nan.

Abin da bai faɗo mata a rai ba shi ne, ƙarƙashin wannan tarin ba ƙasa ba ce, roba ce. Ƙarƙashin robar tayil, ƙarƙashin tayil siminti, ƙarƙashin simintin kuma fankar ɗakin Direba ce take juyawa.

A rana ta uku ta zaro ƙarfen ta kara shi a kumatu. Ɗumi. A ta huɗu sai da ta janye fuska. Ta ga tsutsa uku ko huɗu a jikin bargon, ta tsince su ta mayar ciki ta gefen murfi, tana tambayar su gaggawar me suke yi. Ta tsaya a tsakiyar kicin ɗin mutane da ƙarfen labule a hannu, tana murmushi ita kaɗai, tana shirya abin da za ta faɗa in matar ta dawo. Ba za ta yi mata gori ba. Cewa kawai za ta yi, "Taɓa nan ki ji," sannan ta yi mata bayani sannu a hankali, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya.

A ƙa'idarta ba a buɗe tari sai ya kwana biyar. Ran da ya cika, tun daga bakin ƙofa abin ya tare ta. Wari ne mai hawa ka, kamar an haɗa tsohon masai da ruɓaɓɓen ƙwai, har idonta ya kawo ruwa. Ta taka wani abu ya ce ƙaras. Ta duba ƙasa. Tayil ɗin kicin duk zare-zare ne baƙaƙe, busassu, wasu a miƙe wasu a lanƙwashe, daga ƙarƙashin sinki har cikin falo. Waɗanda suka samu hanya ta hujin murfi ke nan, suka bi bargo suka sauko neman ƙasa. Ɗaya ta kai har dokin ƙofa. Waɗanda ba su samu hanya ba suna ciki. Da ta ɗaga murfin tururi ya bugi fuskarta, ta ga abin da ya rage nasu, ta mayar da murfin.

Sannan ta ɗauko tsintsiya.

Ragwaye ne, abin da take gaya wa kanta ke nan tana shara. Tsutsotsin birni, an sangarta su da firji da takardar ofis, ɗan ɗumi kaɗan sun narke. Na gona ko da fartanya ka sare su sai su kama gabansu. Ta kwashe a leda, ta bubbuɗe tagogi, ta cire bargon ta cusa shi a wata ledar, ta fesa turaren ɗakin surukarta har gwangwanin ya ƙare. Robar ce ta gagare ta. Ta gwada ɗagawa, gwiwarta ta ce ba da ita ba. In ma ta ɗaga, kowane hawa da ƙofofi huɗu, kowace ƙofa da ido a bayanta. Ta kulle ɗakin ta bar shi.

Wari kuwa ina ruwansa da makulli. Kwana biyu ya sauka hawa na uku. Matar Direba, wadda muryarta take riga ta isa ko'ina, ta rantse ɓera ne ya mutu a silin, ta sa mijinta ya hau kujera da tocila. Daga baya ta ce ba ɓera ba ne, mutum ne, a kira 'yan sanda. Mai Makullai ya hauro da damin makullansa a ƙugu, yana bin ƙofofi da hanci ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a inda ya tsaya. Yana da makullin kowane ɗaki a gidan, ba kuwa abin da ya fi so a duniya irin ya samu dalilin amfani da shi. Ya shiga da hankici a hanci, ya fito yana tari. Ya ɗaure robar cikin baƙaƙen ledoji biyu, ya ce ba mai taɓa ta sai mai ita ta dawo ta ga aikinta. Kafin yamma ya manna takarda a ƙofar shiga: taron gaggawa, ran Asabar, ƙarfe goma na safe.

Ya tsayar da Malama a matakala, har da ɗan rusunawa.

"Malama, Allah ne ya ajiye mana ke. Mu dai hanci gare mu, ke ce mai ilimin. Ran Asabar ke za ki yi wa mutane bayani, ko abin nan ya dace da gidan mutane ko bai dace ba. Abin da kika ce shi za a yi."

Shekara biyu tana jiran wani ya faɗi wannan maganar. Ta ce to.

A gida ta tarar da surukar tana shafa wa farcenta jan launi. Ba ta ɗago ba.

"Mama, bargon gadon baƙi nake nema. Na ga wata leda a bayan ƙofarki, na buɗe." Ta hura farcen. "Na mayar na ɗaure."

Malama ta wuce ɗakinta.

Ran Juma'a da yamma Maman 'Yan Biyu ta dawo. Malama ta ji jakarta tana gogar matakala, ta ji muryar Mai Makullai yana bin ta da bayani, ta ji ya buɗe mata ƙofa ya sauka. Ta ba ta awa ɗaya, don kuka in za ta yi. Sannan ta ɗauki makullin ta tafi mayarwa, ta ɗaure fuska tun daga falo.

Ƙofar a buɗe take. Matar tana zaune dirshan a tayil ɗin kicin, ko kayan tafiya ba ta cire ba. Ta shimfiɗa jaridu, ta kwance baƙaƙen ledojin, tana ɗebo ruɓaɓɓen abin da hannu tana bajewa, tana tonawa da ƙaramin cokalin shayi. Warin ya sa Malama ta ja mayafi ta toshe hanci. Ita kuwa ko a jikinta.

"Sannu da hanya."

"Yauwa, sannu Malama."

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. An yi aikin, har ta fara takawa." Cokalin bai tsaya ba. "Ledojin da na bari suna nan a firji, duka biyun."

Malama ta ajiye makullin a kan firjin. Ƙarar da ya yi ta fi yadda ta so.

"Ni ban taɓa sa musu kabeji mai yawa haka ba," in ji matar, kamar da jaridar take magana. Ta tono wani ɗan dunƙule fari da bai gama narkewa ba, ta shinshina, ta ajiye gefe. "Wannan kuma ban san shi ba. Na zamani ne?"

"Kaɗan ne. Don ya tayar da zafi."

"Zafi."

"Haka ake yi. Duk inda ake haɗa taki a duniya haka ake yi. Tsarin naki ne tun farko ba bisa ƙa'ida ba, abu ba zurfi, ba faɗi, ba..."

"To."

Wannan "to" ɗin ya fi mari zafi. Da matar ta yi ihu, da ta zage ta, da Malama ta san inda za ta kama, ta saba da manomi mai gardama. Amma mutum ya zauna cikin ɗoyi yana wasa da cokali kamar yaro a yashi! Ta leƙa don ta ga abin da ake nema. A gefen ƙafar matar akwai ƙaramar robar bota da jiƙaƙƙiyar takarda a ciki. A kan takardar wasu 'yan ƙwayoyi ne ruwan ɗorawa, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kowace da ɗan tsini a baki.

"Mene ne wannan kuma?"

Sai a lokacin matar ta ɗago ta dube ta.

"Ƙwansu ne, Malama."

Malama ta zana tsutsa a allo ya fi sau ɗari, da sunan kowace gaɓa a gefe. Ba ta taɓa ganin ƙwan ba. Ko ta gani, tsakuwa ta ɗauka.

"Na kusurwa ne, inda zafin bai kai sosai ba. Na samu ashirin da shida. Ban sani ba ko sun dahu." Ta koma kan cokalinta.

Malama ta gyara tsayuwa. "Gobe za su tambaye ni."

"Ya faɗa mini."

"Ke me za ki ce musu?"

Matar ta yi 'yar dariya ta hanci. "Ni? Wa zai tambaye ni?"

A ƙasa aka yi taron, wurin mitocin wuta, kowa a tsaye yana jingine da bango. Kujera ɗaya ce, ta Mai Makullai, ya kakkaɓe ta da hankicinsa ya ajiye wa Malama. Ya buɗe littafin dokokin gida ya karanta ta bakwai da ƙarfi: ba a kiwon dabba kowace iri a cikin ɗaki.

"Wai tsutsa ma dabba ce?" in ji Direba. "To ni ma ina kiwon kyankyaso, a rubuta ni."

Aka yi dariya, matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Kai ka ji warin ne? Kana can bisa hanya. Ni kwana huɗu ko ruwa na sha sai ya dawo. A kanmu fa abin yake, saitin gadonmu! Mutum ya wuni yana kwasar shara a ofis bai ishe shi ba, sai ya kawo ta gida ya yi kiwonta?"

Maman 'Yan Biyu tana tsaye can kusa da ƙofa cikin shuɗiyar rigar aikinta, jaka a kafaɗa, don daga nan ofis za ta wuce. Ta ce shekara huɗu ke nan, a cikinsu wa ya taɓa jin wari?

"Shekara huɗu!" Mai Makullai ya ɗaga littafin sama. "Kun ji da bakinta. To a yi shiru, mai ilimin abin za ta yi magana."

Fuskoki goma sha wani abu suka juyo. Malama ta dube su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ba su san bambancin shuka da ciyawa ba, suna jiran ta baki sake, kamar yadda ake jiran ta a da. A kan matakala surukarta ce zaune, ta tallabe haɓa. Yau ba waya a hannunta.

Abin da za ta faɗa gajere ne, ta ma jera shi a ranta tun da safe: ni na sa hannu a robar, ni na ɓata ta. Ta buɗe baki, sai tsohuwar muryar ta fito, wadda take kaiwa ƙarshen gona ba da lasifika ba.

"Taki," in ji ta, "ba a ɗaki ake yin sa ba."

Ta yi bayani. Ta yi maganar iska da danshi da zafi, ta kawo sunayen ƙwayoyin cuta guda biyu masu tsawo, ta ga matar Direba ta dafe ƙirji. Ta ce duk tsawon aikinta ba ta taɓa ganin inda aka yi shi a roba ya ƙare lafiya ba. Ta ce irin wannan komai daɗewarsa sai ya ruɓe, ba mugunta ba ce, rashin sani ne, a yi wa baiwar Allah uzuri. Maganar tana fita sumul, ba gargada. Ba ta dubi wajen ƙofa ba, ba ta dubi matakala ba.

Da ta gama har da tafi. Mai Makullai ya yanke hukunci: a fitar da robobin yau, kuma duk ƙarshen wata zai shiga ya duba ƙarƙashin sinkin da idonsa. Ya ce tunda Allah ya ba su masaniya a gida, me zai hana a kafa kwamitin tsafta a ba ta shugabanci? Aka ce an yarda. Nan take gardama ta ɓarke kan wa zai zama mataimaki, matar Direba tana cewa ai ita ta fara jin warin.

Surukar ta miƙe ta kakkaɓe siket ɗinta. Ta yi wa Malama kallo ɗaya daga sama, daga ka har ƙafa, sannan ta juya ta haye.

Cikin hayaniyar ne Malama ta ji an tsaya a gefen kujerarta. Shuɗiyar riga ce. Maman 'Yan Biyu ta sunkuya kamar mai gaishe da babba, ta zaro wani abu daga jakarta ta tura shi ƙarƙashin mayafin Malama, bisa cinyarta. Robar botar ce, an huhhuda murfinta da allura.

"Ɗakinki ba mai dubawa," ta ce ƙasa-ƙasa, daidai kunnenta. "Sati uku suke yi, wani lokacin huɗu. In sun fito za ki gan su farare kamar zaren ɗinki. In ba su fito ba ki zubar, ki wanke robar."

"Ni ba..."

"Na makara, Malama."

Ta miƙe, ta gyara jakarta, ta fita titi ba ta waiwaya ba.

Robar ba ta da nauyin komai. Malama ta zauna da ita ƙarƙashin mayafi, hannu biyu. Kwandon sharar gidan yana nan taku uku daga kujerar, bakinsa a buɗe. Ta dube shi. Mai Makullai yana ta kiran a kawo biro a rubuta sunan shugaba, Direba yana cewa shi a ba shi muƙamin mai shinshina, ba wanda yake kallon shugabar.

Ta tashi a hankali, ta bi jikin bango ta bayan mutane, ta wuce kwandon. A matakalar farko gwiwarta ta nemi a dafa ƙarfe, amma hannayen duka biyu suna da aiki. Haka ta hau, taku ɗaya-ɗaya, kafaɗarta tana gogar bango, tana riƙe da abin a daidaice kada ya karkata. Ta sha kwanar hawa na ɗaya kafin a samo biron.